Tsadar Cefane a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi kan Kuɗin Fito, Korar Baƙi da Tukunyar Gida

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan tasowa tsakanin Hausawa da 'yan Zango mazauna Amurka, a bakin masallaci bayan an idar da Juma'a, ko a layin biyan kuɗi a kantin kayan Afirka. Na tattara su wuri ɗaya don mai iyali ya san inda tsadar take ɓullowa, ya kuma san abin da ke hannunsa. Alƙaluman da ke ciki na 2025 ne, shekarar da aka yi ta sauya dokokin ciniki da na shige da fice a jere.

Wai ba ƙasashen waje ne ke biyan kuɗin fiton nan ba? Ina ruwan cefanena?

Wanda ya shigo da kaya shi ne yake biyan kwastan a tashar jirgin ruwa, kuma ɗan kasuwar Amurka ne. In ya biya sai ya ɗora wa mai sari, mai sari ya ɗora wa mai kanti, mai kanti ya ɗora maka. Wani lokaci mai sayarwa daga waje yakan ɗan rage farashinsa don kada ya rasa ciniki, mai kanti ma yakan haƙura da wani ɓangare na ribarsa na ɗan lokaci, amma haƙurin ɗan kasuwa ba ya daɗewa.

A ranar 2 ga Afrilu 2025 Shugaba Donald Trump ya sanar da kuɗin fito na kashi 10 cikin 100 a kan kayan kusan kowace ƙasa. A watan Agusta aka ƙara wa wasu: Najeriya, Gana, Kamaru da Chadi kashi 15, Tailan kashi 19, Biyetnam kashi 20, Barazil da Indiya kuwa har kashi 50. Duba ɗakin girkinka ka ga inda waɗannan sunaye suke. Shinkafar jasmin daga Tailan take, basmati da kayan ƙamshi daga Indiya, kofi daga Barazil, doya daga Gana.

Amurka ba ita ke ciyar da duniya ba? Me zai sa ta sayo abinci?

Tana noma masara, alkama, waken suya da shinkafa fiye da buƙatarta, tana kiwon kaji da yawa. Amma kusan kashi 60 cikin 100 na ɗanyun 'ya'yan itatuwan da ake ci a nan daga waje suke zuwa, haka kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗanyun kayan lambu. Mafi yawan kifi da jatan lande ma na waje ne. Ayaba, kofi da koko kuwa ƙasar ba ta da yanayin noma su sai ɗan abin da ba a rasa ba, don haka ko an ɗora musu haraji babu manomin gida da zai cike gurbin.

Tumatir misali ne mai kyau, tunda babu miyar da za mu yi ba shi. Kusan kashi biyu cikin uku na ɗanyen tumatirin da ke kasuwa daga Meziko yake. A ranar 14 ga Yuli 2025 gwamnati ta soke wata tsohuwar yarjejeniya da manoman can, ta sa masa harajin kashi 17 cikin 100.

To abin da aka noma a nan fa, shi ma zai tashi?

Yakan tashi ta bayan gida. An ninka harajin ƙarfe da alminiyom zuwa kashi 50 a watan Yuni 2025, kuma yawancin farantin ƙarfen da ake yin gwangwanin abinci da shi shigo da shi ake yi. Tumatirin da ke cikin gwangwanin na Kalifoniya ne, amma gwangwanin ya sha haraji. Sannan in kayan waje suka yi tsada, mai na gida ba ya zama ya zuba ido, shi ma yakan ɗaga nasa tunda abokin gasarsa ya yi sama. Duk wanda ya ga yadda shinkafar gida ta bi 'yar waje a tsada bayan Najeriya ta rufe iyakokinta a Agusta 2019 ya san wannan karatun.

Ina alaƙar korar baƙi da farashin abinci?

Nan ne maganar ta fi nauyi, kuma nan ne ba a cika ganin ta da ido ba. Inji yana girbe masara da alkama, amma inibi, tuffa, latas, tattasai da albasa hannu ne ke tsinke su. Binciken Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ya nuna cewa kusan kashi 42 cikin 100 na leburorin da ake ɗauka aikin gona ba su da takardun zama. A gidajen tatsar madara kusan rabin ma'aikata baƙi ne. Mayanka da masana'antun yanka kaji ma haka suke, cike da 'yan Latin Amurka, Somaliyawa, Sudanawa da 'yan Haiti.

A watan Yuni 2025 jami'an ICE, hukumar kama masu karya dokar shige da fice, suka kai samame gonakin yankin Ventura a Kalifoniya da wata masana'antar nama a Omaha ta jihar Nebraska, inda aka kama mutane da dama. Ba sai an kama kowa ba kafin gona ta tsaya. Da zarar labari ya bazu, wanda ba a kama ba ma yakan ƙi fitowa, kuma amfanin da ya nuna ba ya jiran kowa. Trump da kansa ya faɗa a wancan watan cewa manoma suna kukan rasa tsofaffin ma'aikatansu, aka dakatar da samame a gonaki, bayan 'yan kwanaki aka ci gaba.

Akwai kuma waɗanda suke da izinin aiki aka karɓe. A ƙarshen Mayu 2025 Kotun Ƙoli ta bai wa gwamnati damar soke izinin zama na wucin gadi na mutum fiye da 500,000 'yan Kuba, Haiti, Nikaragua da Benezuwela. 'Yan Kamaru ma an janye musu kariyar zama ta wucin gadi da ake kira TPS a Agusta. A watan Oktoba ita kanta Ma'aikatar Ƙwadago ta rubuta a wata takardar doka cewa ƙarancin ma'aikatan gona barazana ce ga samar da abinci da farashinsa. In mai wuri ya ce akwai rami a tsakar gidansa, baƙo ba ya musu.

Ba akwai bizar 'yan ci-rani ba?

Akwai, H-2A ake kiranta, kuma ana amincewa da gurabe fiye da 370,000 a shekara. Sai dai manomi ne ke biyan masauki da kuɗin mota, don haka ta fi tsada. Kuma ta aikin kaka ce kawai. Saniya kuwa kullum sai an tatse ta, rani da damina, shi ya sa gidajen madara ba sa cin moriyarta.

Ke nan duk tsadar da muke gani laifin waɗannan dokoki ne?

A'a, kuma gara a faɗi gaskiya. Ƙwai ya haura dala 6 a dozin a Maris 2025 saboda murar tsuntsaye da ta sa aka hallaka miliyoyin kaji, da cutar ta lafa ya sauko. Naman shanu ya haura dala 6 a laba ɗaya ta niƙaƙƙe, babban dalili shi ne fari ya rage garken ƙasar zuwa mafi ƙanƙanta tun 1951, sannan aka hana shigo da shanu daga Meziko saboda wata tsutsa mai cin naman dabba da ranta. Harajin naman Barazil ya zo ne ya ƙara wa wutar fetur. Kofi ma tun kafin haraji fari ya taɓa gonakin Barazil da Biyetnam, amma a Agusta 2025 farashinsa ya ɗara na Agusta 2024 da kusan kashi 20 cikin 100.

Amfanin rarrabewar shi ne ka san wanda za ka jira ya sauko da wanda ba zai sauko da wuri ba. Kaza tana fara ƙwai cikin wata biyar, garken shanu kuwa sai an yi shekaru.

Na ji an janye wasu harajin. Me ya sa kanti bai rage ba?

Gaskiya ne, a tsakiyar Nuwamba 2025 an cire naman shanu, kofi, ayaba, koko da wasu kayan ƙamshi daga cikin harajin, bayan mako guda aka sassauta wa kayan abincin Barazil. Harajin tumatirin Meziko wata doka ce daban, wannan sassaucin bai shafe shi ba. Kayan da ke kan kanta yau an biya musu kwastan watanni da suka wuce, kuma mai kanti da ya ga ana saye a sabon farashi ba ya gaggawar sauke shi. Farashi a guje yake hawa, da sanda yake saukowa. Ga kuma dokokin da ke sauyawa daga wata zuwa wata, har da shari'ar da ta kai Kotun Ƙoli, kuma ɗan kasuwar da bai san abin da gobe za ta zo da shi ba yakan sa kuɗin fargaba a cikin farashi.

To in cika gida da buhuna?

Kada ka yi sayayyar firgici. Shawarata ita ce tanadin wata ɗaya zuwa uku na abin da gidanka ke ci dama, ba abin da aka ce zai yi tsada ba. Zauna da uwargida ku rubuta abin da kuke cinyewa a wata: laba nawa ta shinkafa, galan nawa na mai, gwangwani nawa na tumatir. Ita ta fi ka sanin wannan lissafin, kada ka yi shi kai kaɗai. Daga nan duk fitar cefane a ƙara abu ɗaya ko biyu, musamman ranar da aka karya farashinsa, har rumbun ya cika ba tare da kuɗin haya ya girgiza ba.

Abin da ya cancanci ajiya: farar shinkafa, wake, taliya, sukari, gishiri, garin masara, tumatirin gwangwani, kifin gwangwani, madarar gari da busassun kayan miya. Farar shinkafa tana shekaru in ba ta sha danshi ba, amma mai ruwan ƙasa wadda ba a cashe ba tana da mai a jikinta, ba ta wuce wata shida. Man girki da gyaɗa ma suna yin ɗoyi, kada a tara fiye da na 'yan watanni.

Koyi karanta ƙaramin rubutun da ke jikin kanta, wanda ke nuna kuɗin laba ɗaya, ba babban farashin ba. Kamfanoni sun iya rage nauyin kaya su bar kwalin yadda yake. Kayan da ke ɗauke da sunan kantin kansa sau da yawa sun fi araha, kuma a gishiri, sukari da fulawa ba za ka ji bambanci ba.

Ajiye abinci haka ba ya shiga ɓoye kaya da addini ya hana?

Abin da malamai ke kira ihtikari shi ne ɗan kasuwa ya saye abinci ya kulle don ya yi tsada mutane su rasa. Tanadin iyali daban ne, ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ajiye wa iyalansa abincin shekara. Inda ake jin tsoro shi ne lokacin ƙaranci ka kwashe duk abin da ke kan kanta, na bayanka ya koma hannu rabbana.

Ɗakinmu ƙarami ne, ga ɓera ga kyankyaso. Ina zan sa?

Wannan na koya da kuɗina. Na taɓa sayo buhu biyu na laba 50 a wani kanti don sun yi araha, na jingine su kusa da bututun ɗumama ɗaki. Kafin hunturu ya fita ƙwari sun mayar da na biyun gidansu, sai da muka yi kwana biyu muna tankaɗe da shanya a falo.

Juye hatsi daga buhu zuwa bokitin roba mai murfi da aka yi don abinci, irin na galan 5. Kafin ka juye, sa shi a firiza kwana huɗu, a ƙulle-ƙulle in ba zai shiga gaba ɗaya ba, sanyin yana kashe ƙwari da ƙwansu. Ajiye bokitin nesa da zafi da danshi, ƙarƙashin gado ya fi kusa da murhu. Rubuta ranar saye a jiki, a fara cin tsoho. Kwanan watan da ke jikin yawancin gwangwanaye na ɗanɗano ne, abincin ba ya lalacewa a ranar, amma ban da madarar jarirai, ita a bi kwanan watanta sau da ƙafa. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa kuwa a jefar.

Nama fa? Shi ya fi cin kuɗi.

Fiye da rabin naman ragon da ake ci a Amurka daga Ostareliya da New Zealand yake zuwa, daskararren naman akuya ma yawanci na Ostareliya ne, don haka mu da muke son su mun fi maƙwabtanmu jin haraji. Maganin da muka gada shi ne watanda. Gida biyar ko shida su haɗa kuɗi, a je gona a Pensilbeniya ko New Jersey, a yanka sa ko raguna yankan Musulunci, a kasa. Laba takan faɗo ƙasa da na kanti, ga kai da ƙafa da kayan ciki. A tambayi kuɗin yanka da na fiɗa tun kafin a shirya, a tuna kuma naman da za a kwaso bai kai nauyin dabbar da rai ba, kusan rabi ne ko ɗan sama da haka.

Watanda ba ta yiwuwa sai da firiza. Ƙaramar firiza mai murfi a sama tana mayar da kuɗinta in ana amfani da ita. A sa ta a awo 18 ƙasa da sifiri a ma'aunin Celsius, wato sifiri a ma'aunin Fahrenheit, a ƙulla naman daidai girki ɗaya-ɗaya. In wuta ta ɗauke, cikakkiyar firiza tana riƙe sanyi kwana biyu muddin ba a buɗe ta ba, firji kuwa awa huɗu ne. Ragon layya a kama shi da wuri, domin farashi yana hawa duk lokacin da Babbar Salla ta matso.

Haka ma kayan gwari. A ƙarshen bazara, wajen Agusta da Satumba, tumatir da tattasai na gonakin kusa suna araha. A sayi kwali, a markaɗa, a tafasa har ruwan ya tsotse, a daskarar. Lokacin hunturu, sa'adda kasuwa ta koma dogaro da na Meziko da Fulorida, miyarki tana firiza, Hajiya.

Kayanmu na gida, doya da manja da gero, yaya za a yi da su?

Doya da manja sai dai a rage, babu madadinsu na gaskiya. Amma abubuwa da yawa da muke biya da tsada a kantin Afirka ana noma su a nan. Jihar Arkansas tana noma kusan rabin shinkafar ƙasar, kuma shinkafar Kalifoniya mai gajeren ƙwaya tana yin tuwo da waina sumul. Farin wake mai baƙin hanci ana noma shi a Kalifoniya da Teksas. Jojiya ce gidan gyaɗa, Kansas gidan dawa, dankalin Hausa kuwa Karolina ta Arewa. Dabinon azumi akwai na kwarin Coachella da na yankin Yuma. Gero irin namu ana samun sa a kantin Indiyawa da sunan bajra, sai dai shi ma ɗan waje ne. Zoɓo kuwa leƙa kantin 'yan Meziko, suna kiransa jamaica, kuma kada ka yi mamaki in wanda ka saya daga Jigawa ya taso, domin Meziko na cikin manyan masu sayen zoɓon Najeriya.

In sa a aiko mini daga gida, ko in cika akwati in na je?

Da can kunshin da bai kai dala 800 ba yana shigowa ba haraji. An soke wannan rangwamen daga 29 ga Agusta 2025, sai dai kyautar mutum zuwa mutum da ba ta wuce dala 100 ba. A akwati kuwa busassun kaya irin kuka, kuɓewa, yaji da daddawa galibi suna wucewa in ka bayyana su jami'i ya duba. Kilishi, dambun nama da duk wani nama an hana, haka ɗanyun 'ya'yan itatuwa. Bayyana duk abin ci da ke jakarka. In ka bayyana aka ƙi, ƙwacewa kawai za a yi, in ka ɓoye aka gani akwai tara, kuma a wannan zamani mai biza ba ya son sunansa ya shiga littafin kwastan a kan ƙullin kilishi.

Akwai taimakon gwamnati? Ba zai taɓa takarduna ba?

Dokar kasafi da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta ƙuntata tallafin sayen abinci da ake kira SNAP, ta cire 'yan gudun hijira da masu mafaka da ba su kai ga samun katin zama na dindindin ba, ta kuma faɗaɗa sharaɗin aiki har zuwa shekara 64. Yaran da aka haifa a nan 'yan ƙasa ne, suna da haƙƙinsu ko yaya matsayin iyayensu yake. Tallafin abinci na WIC kuwa na masu ciki ne, masu shayarwa da yaran da ba su kai shekara 5 ba. A birnin New York abincin makarantun gwamnati kyauta ne ga kowane yaro tun 2017. Yawancin wuraren rabon abinci na masallatai da coci-coci ba sa tambayar takardun zama, kuma a yawancin jihohi kiran 211 zai nuna maka na kusa da kai.

Maganar ko karɓar tallafi zai shafi neman katin zama, wannan ka kai wa lauyan shige da fice, akwai ƙungiyoyin da ke ba da shawara kyauta. Kada ka ɗauki fatawar majalisar shayi a kanta. Kuma ko mai SNAP ya yi ɗan tanadi, domin rufewar gwamnati ta kwana 43 a ƙarshen 2025 ta jinkirta kuɗin Nuwamba ga miliyoyin gidaje.

In mai ciyar da gidan ne aka kama fa?

Allah ya kiyaye, amma a shirya. Uwargida ta san inda kuɗi suke, ta iya shiga asusun banki, ta san ranar biyan haya. A ajiye kwafin takardu da lambar lauya wurin amintacce, a rubuta wanda zai ɗauko yara daga makaranta. A irin wannan rana abincin wata biyu a ƙarƙashin gado yana nufin kuɗin hannu su tafi ga haya da lauya.

In ci bashin kati in yi sari tun kafin kaya su ƙara tashi?

A'a. Kuɗin ruwan katin bashi ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara, ga haramcin riba. Ko a 2022, da cefane ya yi tashin gwauron zabi, ƙarin da aka samu a shekarar kashi 11 da ɗoriya ne. In ana son sayen sari, a yi adashi, ko gidaje uku su raba buhu da katan a kantin 'yan sari.

Kuɗin da nake aikawa gida fa?

Daga 1 ga Janairu 2026 akwai harajin kashi 1 cikin 100 a kan kuɗin da aka aika waje in da tsabar kuɗi aka biya a kanta. In daga asusun banki ko katin banki na Amurka aka tura, babu shi. A dala 300 dala 3 ce, ba ta da yawa, amma wata goma sha biyu ta kai kuɗin buhun shinkafa ƙarami. Ka kuma faɗa wa mutanen gida halin da ake ciki tun kafin ka rage abin da kake turawa, su ma su sayi gero da masara da kaka, lokacin da tiya take ƙasa a Dawanau ko Maraɗi, maimakon ka riƙa turo kuɗin a tsakiyar damina sa'adda hatsi ya fi tsada.